Ranar da Na Wanke Hannun Babo

Kun dame ni da saƙo kuna tambayar me ya haɗa ni da Orestis, wasunku har da zagi, wai na samu namiji irin wanda mata suke roƙon Allah ya ba su ina yi masa wulaƙanci. To ku gyara zama. Yau zan kwashe komai in faɗa muku, in na gama duk mai sonsa ta zo ta ɗauka, har rigunansa zan ninke mata.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Evanthia, a gida Vanthi ake ce min. Shekarata talatin da uku. Ina aiki a wani kamfanin talla a Tasalonika, irin wanda duk watan Maris, ranar mata ta duniya, ake cika mana ofis da balan-balan, a raba mana furanni, manaja ya tsaya ya ce ba don mata ba da kamfani ya rushe. Bayan sati kuma a kira wadda ta dawo daga hutun haihuwa a ce mata an sake tsari, a mayar da teburinta kusa da banɗaki.

Shi kuwa Orestis dogo ne, gemu a gyare, tabarau mai zagaye, ga murya mai sanyi. Yana da shiri a intanet inda yake zama gaban makirufo yana koya wa maza yadda ake mutunta mata. Akwai wata baƙar riga da ba ya rabuwa da ita, an rubuta a ƙirjinta: Ku Saurari Mata. Shekara shida muna gida ɗaya. Ranar da na fara yi masa zancen aure ya kama hannuna ya ce, "Aure sarƙa ce da kakanninmu maza suka ƙera, Vanthi. Ba zan ɗaura miki ita ba." Ni kuwa sakarya na ji daɗi, har na ba ƙawayena labari. Ba ya karɓar min ledar cefane a matakala don kada ya raina ƙarfina. Wanke-wanke kuwa rabawa muka yi daidai: ni in wanke, shi ya tsaya a bayana yana bayanin yadda aka daɗe ana zaluntar mata da wanke-wanke.

Bayan sabuwar shekara na tabbatar ina da ciki. Da safe na same shi a kicin yana niƙa gahawa, daga shi sai gajeren wando da rigar nan tasa. Na faɗa masa. Ya kashe injin, ya juyo a hankali, ya riƙe hannuwana biyu, ya kalle ni da idon nan da yake yi wa baƙinsa a shiri.

"Na gode da kika yarda da ni kika faɗa min," in ji shi.

Na gode! Kamar na kawo masa saƙo daga gidan waya.

"Orestis, me ka gani?"

"Jikinki naki ne, Vanthi. Ke ce da iko da shi. Ba ni da hurumin cewa komai."

"Ni na ba ka hurumin. Me kake so?"

"Abin da nake so ba shi ne magana ba."

"Idan na riƙe fa?"

"Zan girmama hukuncinki."

"Idan na zubar?"

"Zan girmama hukuncinki."

Wallahi sai da na leƙa bayansa ko akwai wani maɓalli da ake dannawa. Na yi tambayar da ta fi ci min rai. "Idan na riƙe, za ka zauna?"

Nan ya saki hannuna ya gyara tabarau. "Kin san ban taɓa ɓoye miki ba, ban shirya zama uba ba. Kamar yadda ba zan tilasta miki komai ba, na san ke ma ba za ki so ki tilasta min ba. Ai abin da muka gina ke nan, ko?"

Ya kunna injinsa ya ci gaba da niƙa.

Ina ofis da rana saƙonsa ya shigo. Adireshin wani asibiti ne da ake zubar da ciki. Kafin in gama karantawa wani ya biyo baya, lambar ƙungiyar iyaye mata masu raino su kaɗai. Sai na uku: "Na turo duka biyun ne don kada ki ga kamar ina karkatar da ke. Ina alfahari da ke." Har da hoton zuciya. Na shiga banɗaki na rufe ƙofa na zauna a kan murfin, ban yi kuka ba, tsaki kawai nake ja har bakina ya gaji.

To a wannan makon ne ranar Babo ta faɗo, takwas ga Janairu. A ƙauyenmu, can gefen garin Serres, a wannan rana mata ne ke mulki. Maza su ɗaura atamfar girki su zauna a gida da shara da tukunya, mata su cika shagon gahawa suna buga kati suna shan barasa suna zagin gwamnati. Duk namijin da aka gani a titi a sheƙa masa bokitin ruwa, komai sanyi, ko limamin coci ne sai ya laɓe. Mamata, Lemonia, ita ce shugabar ƙungiyar matan ƙauyen, kuma ita da bakinta ta gayyaci Orestis ya zo ya ɗauki bikin don shirinsa. Tana sonsa kamar ita ta haife shi. Ta ce shi ne namiji na farko da ta gani wanda ya waye.

A mota ko sau ɗaya bai tada zancen cikin ba. Da amai ya taso min ya tsaya a gefen hanya, ya tambaye ni ko ina son ya riƙe min gashi ko na fi son in yi da kaina.

Muka tarar da Babana, Periklis, a kicin da atamfar Mama mai furanni ɗaure a ƙugu, yana naɗa shinkafa da nama cikin ganyen kabeji. Tun da ya yi ritaya daga tuƙin bas dama shi ke girki, ranar Babo ba ta canza masa komai ba sai atamfar. Ya sumbaci goshina, ya ce na rame, ya yi tari irin nasa na mai ciwon ƙirji, ya koma kan tukunya.

Mama tana ɗaki gaban madubi. Gashinta gajere an rina shi ja, jan baki raɗau, baƙar kwat ta maza, wando mai kari, ga hular ɗan sanda da take arowa duk shekara, ga usur rataye a wuya. Na tura ƙofa na jingina da ita.

"Mama, ina da ciki."

Hannunta ya tsaya da jan bakin. Ta kalle ni ta cikin madubi. "Wata nawa?"

"Biyu."

"To da sauran lokaci." Ta ƙarasa shafawa, ta matse leɓe. "Me Orestis ya ce?"

"Ya ce jikina nawa ne."

"Yaron kirki."

"Mama, ya ce in na riƙe ba zai zauna ba."

"To kin gani? Ya faɗa miki gaskiya, bai yaudare ki ba. A zamaninmu da sai ya aure ki ya ƙuntata miki shekara arba'in." Ta juyo ta fuskance ni. "Ba ke kika ce min za a ba ki shugabancin sashe da bazara ba? Kina ganin za su ba mai tura ciki? Ban sha hayaƙi mai sa hawaye a titunan Tasalonika tun ina ɗaliba don 'yata ta ƙare da wankin ƙazantar jariri ba."

"Idan ina so fa?"

"Ba so kike ba, jiki ne yake ruɗarki. Ni ma ya ruɗe ni. Ina da takardar tafiya Faransa karatun lauya a hannuna lokacin da na samu ciki. Ga ni nan, malamar firamare a ƙauye har na tsufa. Da a ce ina da irin damar da kike da ita yau..."

Muna jin ƙarar murfin tukunyar Baba daga kicin.

"Da ba ki haife ni ba," na ƙarasa mata.

"Kada ki sa min magana a baki." Ta ɗora hular, ta gyara ta a madubi. "Ke ce da zaɓi, Vanthi. Babu mai tilasta miki. Kawai dai ki yi hankali."

Ta fita tana busa usur.

Kada ku ce na raina abin da su Mama suka yi. Ba don su ba da ban ga jami'a ba, da ba ni da makullin gidana a jakata, da sai wani ya sa min hannu kafin in yi motsi. Na sani sarai. Amma ku faɗa min, don Allah, wane irin 'yanci ne wannan da kowa zai miƙo miki shi ya ja da baya yana goge hannu? Mutum biyu na faɗa wa, waɗanda na fi kusa da su a duniya, kuma dukansu masana haƙƙin mata ne. Babu wanda ya yi murna, babu ma wanda ya yi fushi irin na mai kishina. Babu wanda ya ce yaya jikinki.

Na saka jar rigata ta ulu da dogon siket baƙi, na yafa mayafin Kaka mai zanen wardi, na bi mata. Titi ya cika. Algaita da ganga, makaɗan ne kaɗai maza da aka yarje wa, su ma an ɗaura musu ɗankwali. Gwaggo Zoitsa, ƙanwar Babana, mace mai jiki da muryar da ake ji daga ƙauye na gaba, ta manna gashin baki na roba tana jan rundunar masu bokiti.

Sai ga Orestis ya fito tsakiyar titi. Baba ya gargaɗe shi ya tsaya ta taga ya ɗauka kamar yadda 'yan jarida maza suke yi, ya ce a'a, shi dokar ba ta hau kansa ba, don shi nasu ne. Ya buɗe kwat don a ga rubutun rigarsa, kyamara a kafaɗa, yana magana cikin makirufo. "A yau ina tsaye a wurin da mata suka karɓe..."

"Kai, ɗan birni!" in ji Gwaggo Zoitsa. "Namiji ne kai ko kuwa?"

"Gwaggo, ni abokin gwagwarmayarku ne."

"To ga ladan gwagwarmaya."

Bokiti uku a tare. Har yau in na tuna ƙarar da ya yi sai na ji sanyi a raina. Tabarau ya tafi gefe, gemu ya kwanta, rigar ta manne masa, ya tsaya kamar kazar da ruwan sama ya doka. Mata suka fashe da shewa. Shi kuwa muryar nan mai sanyi ta ɓace, wata ta fito da ban taɓa ji ba.

"Kun haukace ne? Kun san abin da kuka lalata? Jahilan ƙauye kawai! Wannan cin zarafi ne!"

"Karanta rigarka, ɗana," in ji Gwaggo. "Mun ce kada namiji ya fito. Ka saurara?"

Mama ta ruga tana ba shi haƙuri tana goge kyamarar da hannun kwat ɗinta. Ya fizge, ya wuce wajen mota ko kallona bai yi ba. Ba a jima ba wayata ta yi motsi. "Na koma. Ba zan iya zama inda ake wulaƙanta mutum saboda jinsinsa ba. Akwai bas gobe. Ki ɗauki duk lokacin da kike buƙata a kan maganar nan, ba na matsa miki."

Na mayar da wayar aljihu. Dariya ce ta zo min, mai ɗaci, na bar ta ta fito.

Daga nan aka ɗunguma gidan Kaka Sultana, uwar Mamata. Ita ce Babo ta ƙauyenmu, wato ungozoma, kuma asalin ranar tata ce kafin 'yan talabijin su gano hular 'yan sanda da bokiti. Rabin matan da ke rawa a titin nan a hannunta suka faɗo duniya. Ta haura tamanin da biyar, ido ya yi rauni, an zaunar da ita a kujera a tsakiyar falo, an rataya mata sarƙar albasa da tafarnuwa da busasshen ɓaure a wuya, an ajiye tasa a gabanta. Duk macen da ta haihu, ko take ɗauke da ciki, sai ta shiga layi da sabulu da tawul, ta zuba wa Babo ruwa ta wanke mata hannu, ta sumbace shi. Waɗanda ba su haihu ba su tsaya jikin bango su yi tafi. Tun ina 'yar shekara goma sha biyar a jikin bangon nan nake tsayawa, kusa da kabad ɗin tangaran, har na san inda fentin ya ɓare.

Na tsaya a wurina ina tafi. Layi na tafiya. Ga Matina da muka yi aji ɗaya da goyonta na uku, ido duk ya zurma don rashin barci. Ban ce muku ta fi ni jin daɗi ba, ko kusa. Amma na ga yadda ta miƙa jaririn baya ba tare da ta waiga ba, wani hannu ya karɓe, ba ta ma san na wace ce ba.

Ban san lokacin da na bar bangon ba. Na tsinci kaina a bayan Gwaggo Zoitsa, na ce, "Gwaggo, ara min sabulunki."

Ta juyo, gashin bakin roba ya karkace. Ta kalli fuskata, ta kalli cikina. Bakinta ya buɗe.

Wani hannu ya damƙi wuyan hannuna. Mama ce. Ta yi ƙasa da murya, haƙoranta a haɗe. "Kin san ma'anar layin nan. In kika durƙusa a gabanta, duk ƙauyen nan ya sani, babu komawa baya."

"Na sani, Mama."

"Don ki ƙona min rai kike yi."

"Ke kika ce ni ce da zaɓi."

Na zare hannuna. Falon ya yi tsit, har mai algaita a waje aka ce ya dakata. Na durƙusa, na ɗauki butar, na fara zuba ruwan ɗumi a hannuwan Kaka. Rawa suke yi, duk jijiyoyi sun fito. Ta laluba yatsuna, ta hau har fuskata da jiƙaƙƙen hannu.

"Wace ce wannan? Vanthi?"

"Ni ce, Kaka."

"Yaushe?"

"Agusta."

"Uban fa?"

"Ya tafi shanya kyamara."

Falon ya ɗauki dariya, Kaka har da buga ƙafa. Gwaggo Zoitsa kuwa tuni ta yi waje, muna jin ta a titi tana kwarara ihu. "Periklis! Periklis! Ajiye ludayin nan, za ka yi jika!"

Kaka ta ɗaga murya. "Lemonia, ina kike? Zo ki riƙe wa 'yarki tawul."

Mama ta zo, don ba ta da yadda za ta yi a gaban jama'a. Ta karɓi tawul ta shiga goge hannun uwarta, ba ta dube ni ba. Ta ce, yadda mu uku kaɗai za mu ji, "Kada ki sa rai zan yi miki raino. Na gama nawa."

"Naki?" in ji Kaka. "Wane naki? Kina taron mata a Atina wa ya goya ta? Wa ya zauna da ita tana ƙyanda?"

Mama ta ci gaba da goge hannun. Ni kuwa na kalli hannuwan nan da ke karkarwa cikin tawul, waɗanda ko kofi ba sa iya riƙewa yanzu. Ashe a bayan tsohuwar nan Mama ta hau ta yi gwagwarmayarta. Ni da na zo a ƙarshe, bayan nata ya riga ya lanƙwashe. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba ko a banɗakin ofis.

Sai hayaniya ta tashi a waje, shewa da ƙarar bokiti, ɗaya, biyu, ban san ko nawa ba. Ƙofa ta buɗe. Babana ne, da atamfar furanninsa, jiƙe sharkaf tun daga kai har silifas, ruwa na zuba daga girarsa. Mutumin da likita ya hana shi ko wanka da ruwan sanyi. Ya ratsa titin mata tun daga gidanmu, bai laɓe ba, bai yi gudu ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki yana tari, ya nemo ni da ido.

"Gaskiya ne, 'yata?"

"Gaskiya ne, Baba."

Ya dafa ƙofar. Fuskarsa ta yamutse, na ɗauka faɗuwa zai yi, ashe dariya ce da kuka suka haɗu masa. "To ni me nake yi a gida? Kabeji kawai nake naɗewa. A kawo min jaririn. Ki tafi ofis ɗinki, a kawo min shi!"

A nan ne na yi kukan da na riƙe tun ranar da aka niƙa gahawa.

Mama ta miƙe. Ta kalli mijinta, ta kalle ni, ta yar da tawul ɗin a ƙasa. Ta gyara hularta, ta sa usur a baki, ta raɓa ta gefen Baba ta fita, ko kafaɗarsa ba ta taɓa ba. Wasu matan suka bi ta, wasu suka tsaya suna kallon juna.

Na ɗauki tawul ɗin na shiga goge wa Baba kai. Haƙoransa na haɗuwa don sanyi, jikinsa na rawa a hannuna, shi kuwa sai tambayata yake ko na ci abinci.